Ƙugin da ke fita daga sifika: yadda za ka gano inda yake kafin ka kai wa mai gyara

Akwai wani ƙugi da duk mai kayan sauti a gida ya sani, wannan "mmmmm" ɗin da ba ya tsayawa, kana kunna amfilifaya yana nan, ka sa karatu ko labarai yana bin bayan muryar kamar ƙudan zuma ya shiga tulu. Da rana ba ka cika jinsa ba saboda hayaniyar unguwa, amma bari dare ya yi kowa ya kwanta, a lokacin ne zai cika maka falo. Abin da yawancinmu muke yi shi ne mu ɗaure amfilifayar a bayan mashin mu kai wa mai gyaran rediyo, ya jona a shagonsa, tsit kake ji, ya ce malam ai kayanka lafiyarsu ƙalau, ka dawo gida ka jona, ƙugi ya ce salamu alaikum. Ni kaina sai da na yi wannan zaryar sau biyu kafin na gane ba na'urar ce ke da ciwo ba, haɗin da na yi mata a gida ne. To shi ya sa nake so ka yi binciken a cikin ɗakinka, inda ƙugin yake, kuma kada ka sayi komai tukuna. Kunne da haƙuri kawai ake buƙata a farko.

Abu ɗaya dai kafin mu fara. Duk lokacin da za ka zare kebul ko ka cusa shi, ka rage bolum ya koma ƙasa, ka kashe amfilifaya. Wannan "ɗum" ɗin da ake ji in an cusa kebul tana kunne, shi ke kashe sifika, musamman ƙananan nan masu fitar da siririyar murya. Kuma duk abin da zan faɗa a farko ba ya buƙatar ka kwance ko noti ɗaya.

Fara da saurare

Ba duk ƙara ce iri ɗaya ba, kuma irin ƙarar ita ke nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Ka kashe fanka, ka tsayar da waƙar, ka matso da kunne kusa da sifika.

Idan ƙugi ne mai kauri, a kwance, ba hawa ba sauka, kamar na tiransifomar unguwa in ka tsaya kusa da ita da daddare, wannan muryar wutar lantarki ce da kanta. Wutar da ke zuwa soket ɗinmu a Najeriya da Nijar da Ghana tana juyawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, shi ne 50Hz da kake gani a rubuce a bayan kayan wuta, in ta samu hanyar tsallakawa cikin layin sauti to sifika za ta rera ta yadda take. Akwai kuma ƙaninsa, wanda ya ɗan fi shi tashi sama da kaushi, shi sau 100 ne a daƙiƙa, kuma sau da yawa daga cikin amfilifaya yake fitowa, zan zo kansa. Idan kuma "zzzzz" ne mai kaifi kamar ana yanka katako daga nesa, ko tsuwwa siririya da ke canzawa, to wani kayan wuta ne a gidan ke watsa datti, caja ko kwan fitila ko inbata. Huci, wato "shhhh" kamar taya na sacewa, labarinsa daban. Sai ƙaras-ƙaras ɗin da ake ji in an murɗa bolum, wannan kam ƙura ce, kuma shi ya fi sauƙi.

Masu son tabbatarwa za su iya sauke manhaja irin Spectroid a wayar Android, a kai wayar bakin sifika, za ta nuna layi a tsaye a kan 50 ko 100. Ba dole ba ne, makirfon na waya ma ba ya kama sauti mai kauri sosai, amma tana raba gardama.

Sannan ka yi wa kanka tambayoyi uku. Ƙugin yana ƙaruwa in ka ƙara bolum, ko yana nan yadda yake ko da bolum na sifili? Sifika ɗaya ce ke yi ko duka? Kuma daga sifika yake fitowa ko daga jikin akwatin amfilifayar? Wannan ta ukun mutane da yawa ba sa kula da ita, ka kashe na'urar ka zare wayoyin sifika, ka sake kunnawa ka ɗora kunne a kan murfin, in har yanzu kana jinsa to ƙarfe ne ke rawa a ciki, babu ruwan kebul ko kaɗan. Ita kuma ta farkon, in ƙugin na bin bolum, yana shigowa ne ta hanyar da sauti ke shigowa, wato kebul ko na'urar da ka jona. In bolum bai dame shi ba, ko dai cikin amfilifaya ne ko kuma matsalar wayar ƙasa, wato waya ta uku ta fulogi da ke kwashe wuta zuwa ƙasa.

Tuɓe komai

Yanzu aikin gaske. Kashe komai, ka zare duk wani kebul da ke shiga bayan amfilifaya ko ufa ɗin, wato akwatin sifika mai fitar da sauti mai kauri, na talabijin, na dikoda, na kwamfuta, jan nan da farin nan, HDMI, eriyar rediyo, filas ɗin da ka manta a jiki tun bara, duka. Abin da za ka bari biyu ne kawai, wayar wuta da wayoyin sifika. Kuma ka jona ta kai tsaye a soket na bango, banda ekstenshan, banda sitabilaiza. Kunna, ka ɗaga bolum zuwa inda ka saba sauraro.

In ƙugin na nan daram, ka ɗauki na'urar ka kai wani ɗaki, ko ma gidan maƙwabci in da hali, ka gwada. Ta yi ƙugi a can ma, to laifinta ne, ka tsallake zuwa ƙasa inda na yi maganar kafasito. Ta yi shiru a can, to wutar gidanka ce ko wani abu da ke jone a gidan.

In kuwa ta yi tsit da ka tuɓe ta, alhamdu lillahi, amfilifayarka lafiya lau, kuɗin gyara sun tsira. Sai ka fara mayar da kebul ɗin ɗaya bayan ɗaya, kana kashewa kana cusawa kana kunnawa kana saurare. Kada ka yi gaggawa ka mayar da biyu lokaci guda, nan ne mutane ke ɓata aikin su koma gidan jiya. Wanda kana cusa shi ƙugi ya dawo, ka kama bakin zaren. Amma fa kama bakin zaren ba kama ɓarawo ba ne, don zai iya zama kebul ɗin da kansa, zai iya zama na'urar da ke ɗaya bakin, zai kuma iya zama wani abu na uku da ke jone da ita wannan na'urar.

Fara zargin kebul, don shi ya fi arha. Irin jan-da-farin nan da ake ba da shi kyauta a cikin kwali, in ka yanka shi za ka ga ɗan siririn zare a tsakiya da wasu 'yan gashin tagulla da aka ce wai su ne garkuwa, wani ma babu garkuwar sam. Garkuwar nan ita ke hana wutar da ke yawo a iska shiga layin sauti, in ta tsinke daga ciki, galibi dab da bakin fulogi inda ake yawan lanƙwasawa, sai ƙugi. Ka motsa kebul ɗin a hankali kusa da baki, in ƙarar na zuwa tana tafiya to shikenan. In sifika ɗaya ce ke yi, ka musanya ja da fari a bayan amfilifaya, ƙugin ya koma ɗaya sifikar, to daga kebul ne ko abin da ke bayansa, ya tsaya inda yake, to wannan gefen na amfilifaya ne. Ka duba zoben waje na bakin kebul ɗin ma, in ya saki yana lilo ka ɗan matse shi da filaya ya riƙa kamawa da kyau, rashin kamawar zoben nan kaɗai na kawo ƙugi mai ƙarfi sosai. Ba sai ka sayi kebul mai ruwan zinare na dubban nairori ba, wallahi ba na ganin amfaninsa a falo, mai kauri mai garkuwar kirki, gajere daidai buƙata, ya wadatar.

Ka leƙa bayan teburin talabijin kuma. Na san yadda yake, wayoyi sun cakuɗe kamar taliya, har an ɗaure na wuta da na sauti wuri guda da roba wai don tsafta. Raba su. Kebul na sauti ya bi gefe, na wuta ya bi gefe, in dole sai sun haɗu to su gitta juna kamar mararraba, kada su jera suna tafiya tare. Caja da adafta da sitabilaiza duk a nisanta su da kebul na sauti, ko taku ɗaya ne yana yin tasiri.

Inda mafi yawan ƙugin ke ɓoye

Nan zan ɗan daɗe, don shi ne ya sa ni zaryar da na faɗa. Ka canza kebul, ƙugi na nan. Dikoda ita kaɗai ba ta da matsala, amfilifaya ita kaɗai ba ta da matsala, amma da zarar sun haɗu sai gurnani. Abin da ke faruwa shi ne kowace na'ura tana da abin da ta ɗauka a matsayin sifili, wato ƙasa, kuma in na'urori biyu suna samun wannan ƙasar ta hanyoyi daban, ɗaya ta soket na wannan bango, ɗaya ta soket na wancan bango ko ta kebul ɗin dish da ya hau rufin kwano, to sifilin nasu ba ya zuwa daidai. Bambancin ɗan kaɗan ne, wani lokaci bai kai bolt ɗaya ba. Amma shi sautin da ke bin jan-da-fari shi ma bai wuce bolt ɗaya zuwa biyu ba a ƙarfinsa, kaga kenan ɗan bambancin nan ba ƙarami ba ne a wurinsa. Sai wuta ta riƙa bin garkuwar kebul ɗin sautin tana zagayawa tsakanin na'urorin biyu, amfilifaya kuma ba ta san wannan ba waƙa ba ce, ta ƙara mata ƙarfi ta miƙa wa sifika. Kamar kwata biyu ce, ɗaya ta ɗan fi ɗaya tudu, ka haɗa su da tiyo, ruwa dole ya gangara.

A gidana kebul ɗin dish ne. Ranar da na gano, ina zaune a ƙasa bayan teburi da tocila a baki, na warware wannan kebul mai zagayen noti daga bayan dikoda, ƙugin da ya yi wata uku yana cina ya ɗauke kamar an yanka shi da wuƙa. Don haka kai ma ka gwada wannan tun da wuri, ka bar komai a jone yadda yake, ka cire kebul ɗin dish ko na eriya kawai. Kuma ka sani HDMI ma na ɗauke da wannan ƙasar, ƙugin zai iya tasowa daga dish ya bi dikoda, ya bi HDMI ya shiga talabijin, sannan ya fito ta kebul ɗin sauti zuwa amfilifaya, kai kuma kana ta zagin talabijin.

Magani na farko kyauta ne. Duk kayan da ke haɗe da juna, talabijin, dikoda, amfilifaya, ufa, ka jona su a ekstenshan guda ɗaya mai kyau, ita kuma a soket guda. In na ce mai kyau ina nufin wadda ke da waya uku a ciki da gaske, don akwai ekstenshan da yawa a kasuwa masu rami uku a fuska amma in ka buɗe waya biyu ce kawai, ramin saman nan ado ne. Ufa da aka kai lungu aka jona a wani soket daban na yawan yin wannan ƙugin, ka dawo da ita layi ɗaya da sauran ka ji.

In bai tafi ba, magani na biyu shi ne wanda na fi so, a raba na'urorin ta yadda babu ƙarfen da ya haɗa su. Duba bayan talabijin ɗinka, yawancin na zamani suna da wani ɗan rami mai murfi da aka rubuta Optical a kai, in an kunna za ka ga jan haske a ciki. Wannan kebul ɗin haske yake ɗauka ba wuta ba, zaren roba ne a cikinsa, don haka ƙugi ba shi da gadar da zai tsallaka. In amfilifayarka na da irin ramin, kebul ɗaya ya gama magana. In tsohuwa ce mai ja da fari kawai, akwai ɗan akwati kamar na ashana da ke karɓar hasken ya mayar da shi ja da fari, sai dai ka shiga saitin sauti na talabijin ka zaɓi PCM, in ba haka ba ko dai shiru ko ka ji wani shuuu mai ban tsoro. Ɗan akwatin kuma ka ba shi cajarsa daban, kada ka ciro masa wuta daga USB na talabijin, in ka yi haka ka sake gina gadar da ka rushe. Bulutut ma yana yin wannan aikin, tunda ba waya, matsalarsa kawai wani lokacin baki na riga murya a fim.

Na uku shi ne abin da masu haɗa sautin mota suka fi sani, ɗan ƙaramin abu mai ja da fari gaba da baya, suna kiransa aisoleta, ka tambaya a layin masu kayan sautin mota za ka samu. 'Yan tiransifomomi ne ƙanana a ciki, sauti na tsallakawa ta maganaɗisu, wutar da ke zagayawa kuma ta tsaya. Yana aiki, amma masu arhar suna ɗan cinye kaurin sauti, in kai mai son jin ganga a ƙirji ne za ka lura. Akwai irinsa na kebul ɗin eriya, sai dai a yi hattara, dikodar dish tana tura wuta bolt 13 ko 18 ta cikin wannan kebul ɗin zuwa kan dish, in ka sa abin da ke tare wutar to sigina ta tafi gaba ɗaya. Ga mai dish gara ya raba ta ɓangaren sauti.

Kada ka karya ƙafar fulogi

Wani zai ce maka ai abu ne mai sauƙi, cire doguwar ƙafar nan ta saman fulogi, ko yanke wayar nan mai kore da rawaya, ƙugi zai tafi. Gaskiya ne yakan tafi. Amma wannan wayar, wadda masu wayarin ke cewa at, ita ce aka ajiye don ranar da wuta za ta zubo jikin ƙarfen amfilifaya, ta kwashe ta zuwa ƙasa fis ya tsinke. In ka cire ta, ranar da abin ya faru hanyar da wutar za ta bi ita ce hannun duk wanda ya taɓa, kuma ka san yadda yara ke yawo ba takalmi a kan siminti ko tayil da aka gama gogewa. Bolt 230 ba abin wasa ba ne. Na'urar da aka ƙera ta da ƙafa biyu tun daga kamfani daban ce, ita an yi mata rufi biyu a ciki, amma wadda ta zo da uku a bar mata ukunta.

Matsalar ma da ta fi yawa a gidajenmu ita ce babu at ɗin tun asali. An yi wayarin da waya biyu don a rage kuɗi, ko an ja wayar amma ba a kafa sandar tagulla a ƙasa ba. Alamar ita ce in ka shafa bayan hannu a jikin dikoda ko amfilifaya ka ji wani ɗan yarrr, ko tasta ta kawo haske a jikin ƙarfen, ko ka lura ƙugi na raguwa in ka ɗora hannu a kan akwatin. Wannan aikin mai wayarin ne ba naka ba, ka kira shi ya auna soket da mita, tsakanin mai wuta da at ya kamata a ga kusan abin da ake gani tsakanin mai wuta da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, tsakanin nutural da at kuma 'yan bolt kaɗan. In zai kafa sanda ka sa ya zurfafa, busasshiyar ƙasa irin ta rani ba ta karɓar wuta sosai, shi ya sa suke zuba gawayi da gishiri a ramin. Kuma kada ka yarda ya haɗa maka at da nutural a cikin soket ya ce an gama, wannan dabarar haɗari ce.

Janareta, inbata da sola

Ka lura da lokacin da ƙugin ke zuwa. In da wutar NEPA shiru ne amma da an tada janareta sai ya fara, ai ka samu amsa. Janareta irin namu na gida sai injin ya yi juyi 3000 a minti kafin ya ba da 50Hz ɗin, ƙananan nan kuwa ba sa tsayawa wuri ɗaya, firji na tashi injin ya nishi, za ka ji muryar ƙugin ita ma ta sauka ta sake hawa tare da shi. Rage masa kaya na taimakawa, sabis na taimakawa, amma gaskiya ƙaramin janareta ba abokin kayan sauti ba ne, kuma sitabilaiza ba ta wanke wuta, ƙarfinta kawai take daidaitawa, har ma takan ƙara nata "ƙwas" duk lokacin da ta canza mataki.

Inbata kuma iri biyu ce. Akwai mai ba da wuta mai santsi irin ta layi, akwai mai arha da ke ba da wuta a yanke-yanke kamar matakalar bene. Ta biyun ce ke sa zzzz a sifika, kuma ba sai ka karanta takarda ba, saurari fankarka, in tana kuka duk lokacin da aka koma kan batir to irin ta ke nan. Babu kebul ko aisoletar da za ta gyara wannan yadda ya kamata, ko a canza inbatar ko a haƙura. Masu sola kuma in tsuwwar da rana kawai take zuwa ta ɓace bayan magariba, ku zargi kwantirola mai cajin batir, ku nisanta wayoyinta da na sauti.

Sai 'yan ƙananan masu laifi. Cajar waya ta bakin titi, kwan fitila mai arha, regiletar fanka irin ta murɗawa ba mataki, cajar laftof. Bi su ɗaya-ɗaya kana kashewa, wani ya tsaya kusa da sifika yana gaya maka. Laftof dai gwajinta a fili yake, zare caja ta koma kan batir, in tsuwwa ta ɗauke ka san inda take. Haka in kana kunna waƙa daga waya ta kebul tana kuma caji. Wannan "dit-dirit-dit" ɗin kafin kira ya shigo kuwa wayar hannu ce a layin 2G, tana aika sigina a guntu-guntu kusan sau 217 a daƙiƙa, ɗauke ta daga kan sifika kawai. "Ɗas" guda ɗaya in firji ko famfon ruwa ya tashi, a raba musu layi da kayan sauti.

In laifin na amfilifayar ne

To ka tuɓe ta, ka kai ta gidan maƙwabci, ƙugi na nan a duka sifikun, bolum bai dame shi ba. Kusan kullum manyan kafasito ne, wasu gwangwanaye biyu ko huɗu kusa da tiransifoma, za ka ga an rubuta 4700 ko 6800 ko 10000 a jikinsu. Aikinsu su lallashe wutar bayan an mayar da ita mai tafiya hanya ɗaya, in sun bushe sai wannan ƙugin na sau 100 ya wuce kai tsaye. Zafi ke busar da su, masu harkar na lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 na raba kwanansu biyu, yanzu ka tuna watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, amfilifaya a cikin kabet rufe, an kuma shimfiɗa mata ɗan kyalle mai ado a kan ramukan shan iska. Wani lokacin kansu na kumbura, wani lokacin ba ka ganin komai. Ban ce ka buɗe ba fa, gwangwanayen nan na riƙe wuta ko bayan an zare fulogi. Kai wa mai gyara, ka ce ya sa masu lamba ɗaya da na da, bolt ɗinsu daidai ko sama, kuma in akwai masu 105 a rubuce maimakon 85 su za a sa, sun fi jure zafi. Ka nemi ya ba ka tsoffin a hannu.

In kuwa jikin akwatin ne ke rawa, tiransifomar ciki ce, ko notinta ya saki ko wuta ta yi mata yawa. Masu kayan gwanjo na Amurka su suka fi fama da wannan, can wutarsu bolt 120 ce kuma 60Hz, ko ka sa mata abin rage wuta ya dawo da bolt ɗin daidai, juyin na nan a 50, tiransifomar da aka yi don 60 kuwa tana ƙara zafi da ƙugi a kan 50. Shi kansa abin rage wutar yana da nasa ƙugin, kada a ɗora amfilifaya a kansa, a ajiye shi nesa a ƙasa.

Ƙaras-ƙaras na bolum, ƙurar hunturu ce ta shiga. Kashe na'urar ka murɗa shi daga farko zuwa ƙarshe kamar sau talatin, sau da yawa ya isa. In bai isa ba akwai feshin wanke kayan lantarki, mai gyara zai fesa ta ɗan ramin da ke bayansa. Banda kananzir, banda fetur, banda man keke, na ga wanda ya ɗiga man gyaɗa, sati biyu abin ya zama laka.

Huci kuma yawanci saiti ne. Mutum ya bar bolum na waya ko na talabijin a ƙasa, ya murɗe na amfilifaya har ƙarshe, dole ta ƙara wa hucinta ƙarfi. Juya abin, na waya ya hau kusan sama, na amfilifaya ya sauko. Ramin makirfo da ba a amfani da shi a rufe bolum ɗinsa da na eko, su ne gidan huci a irin amfilifayar nan ta biki. Ɗan hucin da sai ka manna kunne da sifika kake ji kuwa kowace na'ura na da shi, rabu da shi.

Saura ita sifikar kanta. Ita ba ta ƙirƙirar ƙugi, abin da aka ba ta take faɗa, amma in kana jin kirrr ne kawai lokacin da ganga ta buga, ka kashe komai ka danna takardar a hankali da yatsu a kewayen tsakiya, in ka ji tana gurzar wani abu a ciki to koyil, wato naɗin siririyar wayar da ke bayan takardar, ya ƙone ko ya karkace, sai a kai a sake naɗa shi. Kafin nan dai ka ɗaure notikan akwatin, ka kuma sauke kwanukan da ke kan kabet ɗin kusa, don na taɓa kwana biyu ina neman wata ƙara a cikin ufa, ashe murfin kular uwargida ne ke rawa a saman show-gilas.